Yadda Za Ka Fara Ɗaukar Hoto da Tsohuwar Kyamara Mai Zugazugi

Idan tana rufe, sai ka ɗauka gidan tabarau ne mai ɗan nauyi, tana shiga aljihun kaftani ba tare da ta turo ba. Ka danna wani ɗan maɓalli a samanta, murfin gaba ya buɗe, idonta ya leƙo a bakin wata baƙar fata mai ninki-ninki, sak zugazugin maƙera. Babu batir a cikinta, babu allo, babu abin da za ta zaɓa maka. Ƙarfe ne da gilashi da sifirin. Yawancin waɗanda ake samu yau an ƙera su ne tsakanin 1930 da 1960, galibi a Jamus, sai Japan da Ingila da tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Fim ɗin da suke ci, mai lamba 120, kamfanin Kodak ne ya fito da shi tun 1901, kuma har gobe ana yin sa. Shi ya sa kyamarar da ta girmi mahaifinka za ta iya ɗaukar hoton 'ya'yanka a makon nan.

Abin da ke jan mutane gare ta shi ne girman fim. Hoto ɗaya a kan ƙaramin fim mai faɗin milimita 35, girmansa milimita 24 ne da 36. A kan 120, mai kusurwa huɗu daidai da ake kira 6x6 yana kai milimita 56 kowane gefe, wato ya ninka wancan fiye da sau uku da rabi. Na 6x9 kuwa ya ninka shi fiye da sau biyar. Wannan faɗi ne ke sa saƙar hula da zaren aikin babbar riga su fito ɗaya bayan ɗaya, fatar fuska kuma ta yi laushi babu tsakuwa-tsakuwa.

Wadda za ka fara da ita

Shawarata ita ce ka fara da 6x6 mai sauƙi. Tana ba ka hoto 12 a nadi ɗaya, 6x9 tana ba da 8 kawai, 6x4.5 kuma 16. Ta 6x6 ba ta buƙatar ka juya ta tsaye ko kwance, idonta na milimita 75 ko 80 yana yafe kuskuren auna nisa fiye da na 105 da ke kan 6x9, kuma jikinta ƙarami ne, bai cika lanƙwashewa ba.

Sunaye uku za ka yi ta cin karo da su. Zeiss Ikon, kamfanin da aka kafa a Dresden a 1926 bayan haɗewar kamfanoni huɗu, shi ya yi Nettar mai araha da Ikonta da Super Ikonta masu tsada. Agfa ta yi Isolette a Munich, wadda aka sayar a Amurka da sunan Ansco Speedex. Voigtländer na Braunschweig ya yi Perkeo, 'yar ƙarama ƙwarai, da Bessa mai 6x9. Akwai kuma Moskva-5 ta Rasha, da aka kwaikwayo daga Super Ikonta aka ƙera daga 1956 zuwa 1960, da Mamiya Six ta Japan. Da za a ce in zaɓa wa sabon shiga guda ɗaya, Nettar ta shekarun 1950 zan miƙa masa, domin zugazuginta ya fi na sauran jure shekaru, kuma babu abubuwa da yawa a jikinta da za su lalace.

A zoben da ke kewaye da ido za ka ga sunan gilashin. Novar, Agnar, Apotar da Vaskar masu gilashi uku ne a jere. Tessar, wanda Paul Rudolph ya tsara a 1902, da Solinar da Color-Skopar masu huɗu ne, sun fi kaifi a gefe-gefen hoto idan an buɗe su sosai, sun kuma fi tsada. Kada wannan ya ɗauke maka hankali. Idan ka tsuke kafar haske ta mai gilashi uku, wato ramin da haske ke shiga ta cikinsa, zuwa lambar f/8 ko f/11, da wuya wani ya bambance hotonsa da na mai huɗu. Lafiyayyar Novar ta fi Tessar mai hazo nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya da za ka tabbatar tun kafin ka biya kuɗi: a ce 120 take ci. Da yawa daga kyamarorin Kodak masu ninkewa, irin su Tourist, fim mai lamba 620 suke ci. Faɗinsu ɗaya da 120, amma kwarkwaron da aka naɗe shi a kai ya fi siriri, kuma Kodak ya daina yin sa tun 1995. Ana iya sake naɗe 120 a kan kwarkwaron 620 cikin duhu, sai dai wannan ba wahalar da za ka fara da ita ba ce.

Binciken lafiyarta, kafin ka kashe ko sisi a kan fim

A nan nake so ka fi daɗewa, domin kusan duk wanda ya yi fushi ya jefar da irin wannan kyamara, wannan matakin ya tsallake.

Fara da buɗewa. Ka tare murfin gaba da tafin hannu lokacin da ka danna maɓallin, ka bar shi ya sauka a hankali har matokaran ƙarfen da ke gefe biyu su ce ƙas. Sai ka kama idon da yatsu biyu ka ɗan girgiza. Bai kamata ya yi rawa ba. Idan yana motsi, ko ka duba daga sama ka ga ya karkace, gefe ɗaya na kowane hoto zai fito da kaifi ɗaya gefen ya dushe, kuma gyaran wannan yana da wuya. Wajen rufewa, ka mayar da zoben nisa kan alamar nan mai kama da takwas a kwance, wadda ke nufin nisa marar iyaka, ka danna gwiwar matokaran biyu lokaci guda, ka tura murfin. Idan ya cije, tsaya ka duba abin da ya tare. Ba a tilasta mata.

Sai zugazugi, wanda shi ne ran kyamarar. Da dare, ka shiga ɗaki ka kashe wuta, ka jira minti biyu idonka ya saba da duhu. Buɗe murfin baya, ka cusa ƙaramar tocila cikin zugazugin, ka riƙa bi da ita lungu-lungu kana kallo daga waje. Kusurwoyin ninkin za ka fi sa wa ido, nan ne yake fara cinyewa. Duk inda ka ga haske kamar tauraro, ko da bai wuce tsinin allura ba, rami ne, kuma a rana tsaka ya isa ya ɓata hoto. Rami biyu ko uku ana toshe su daga ciki da baƙin fentin yadi, a shafa kaɗan da tsinken ashana, a bar kyamarar a buɗe kwana biyu ya bushe sarai. Idan kuwa ka ga kamar sararin sama a daren rani, sai dai a sauya shi gaba ɗaya. Akwai masu sana'ar ɗinka sabo a Turai da Asiya, amma kuɗinsa kan zarce na kyamarar. Isolette ta yi suna da wannan lalura, saboda abin da aka yi zugazugin yawancinsu da shi ba fata ba ce ta gaske. Wanda zai sayi Isolette ya nemi wadda aka riga aka sauya mata.

Na uku, zoben nisa. Ya kamata ya juya sumul, daga mita ɗaya ko kusa da haka har ƙarshe. A kan Isolette da yawa, giris ɗin da aka sa a masana'anta ya daskare ya zama kore kamar siminti, zoben ya ƙi motsi. Kada ka sa filaya. Masu gyara suna cire gilasan su jiƙa su, su ɗumama, su raba su a hankali, sannan su sa sabon giris.

Na huɗu, ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a cikin ido, wanda shi ke ƙayyade tsawon lokacin da haske zai shiga. Sunansa na rubuce a gaba: Vario mai gudu uku kacal, Pronto, Prontor-S mai kaiwa wajen 1/300 na sakan, ko Compur-Rapid mai kaiwa 1/400 ko 1/500. Akwai ɗan hannu a saman ido da ake ja a ɗana shi kafin kowane hoto, kamar yadda ake ɗana tarko. Buɗe bayan kyamarar, ka fuskanci taga, ka ɗana, ka danna, ka bi kowace lamba ɗaya bayan ɗaya. A kan B, ƙyauren zai zauna a buɗe muddin yatsanka na kan maɓalli. A kan 1, ya kamata ka ji ƙara zzzz ta tsawon sakan ɗaya sannan ya rufe. Sau da yawa masu jinkirin nan, daga sakan ɗaya zuwa 1/10, su ke fara gajiya saboda tsohon mai ya yi danƙo. Idan daga 1/25 zuwa sama suna aiki, za ka iya fara ɗaukar hoto haka nan.

Abubuwa uku nake roƙonka a kan wannan ƙyaure. Kada ka ɗiga masa mai kowane iri, ko na keken ɗinki ne, domin ganyayen ƙarfensa a bushe suke aiki, mai yana manne su. Kada ka taɓa ɗan hannun nan na ɗaukar kai, mai jinkirta ƙyaure don ka shiga hoton da kanka, wanda sau da yawa ke da jan ɗigo ko harafin V, domin idan ya maƙale a tsakiya ya kulle komai. Sannan a kan Compur-Rapid, ka sa lambar gudu ta ƙarshe kafin ka ɗana. Akwai ƙarin sifirin mai ƙarfi da ke shiga a wannan gudun, tura zoben bayan an ɗana yana wahalar da shi.

Na biyar, gilashin kansa. Sa ƙyaure a B, ka buɗe kafar haske iyakarta, ka haska tocila ta baya kana kallo ta gaba a karkace. 'Yar ƙura da ƙananan kumfa ba komai ba ne. Abin gudu shi ne hazo fari da ya rufe fuskar gilashi, da fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo. Wajen gogewa, ka fara hure ƙura da 'yar robar hura iska, sannan ka shafa da ƙyallen tabarau mai tsabta. Goge gilashi da ƙurar hunturu a kansa daidai yake da goga masa yashi.

Idan kana so ka tabbatar da saitin nisa tun yanzu, ga dabara. Manna takarda mai shara-shara, irin ta kwafar zane, a miƙe a kan tagar da fim ke kwanciya. Riƙe ƙyaure a buɗe a kan B, ka nufi wani abu mai nisa, kamar hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, ka lulluɓe kanka da mayafi mai duhu. Hoton zai bayyana a kife a kan takardar. Idan zoben na kan alamar takwas a kwance, ya kamata hasumiyar ta fito da kaifi.

Fim

Fara da baƙi da fari mai ƙarfin ISO 100 ko 125, wato lambar saurin kama haske, irin su Fomapan 100 na ƙasar Cek, Kentmere 100, ko Ilford FP4 Plus na Ingila. Za ka ji ana yabon masu 400, irin su HP5 Plus da Tri-X, kuma sun cancanci yabon, amma ranarmu tana da ƙarfi, tsohon ƙyaure kuma sau da yawa ba ya wuce 1/200. Mai 400 na inuwa ne da yamma da cikin zaure. Idan mai launi kake so, Kodak Gold 200, wanda aka dawo da shi a girman 120 a 2022, da Portra 160 duk suna da haƙuri da kuskure. Kada ka sayi mai lamba 220 ko da ka gan shi da araha, ba shi da takardar baya a tsawonsa, haske zai shiga ta jar tagar da ke bayan kyamarar ya ƙone shi.

Da wuya ka sami 120 a shagon hoto na unguwa, galibi oda ake yi ta intanet ko a ba matafiyi saƙo. Ka gaya wa mai kawowa ya roƙi jami'an filin jirgi su duba shi da hannu, saboda sababbin na'urorin binciken kaya masu ƙarfi suna lalata fim. Idan ya iso, ka sa shi a leda mai zif cikin firij, ka fito da shi awa biyu kafin amfani, kada ka yage takardar azurfarsa sai sanyin ya sake shi. Kada ka bar shi a cikin mota da rana.

Ɗora fim

Ka nemi inuwa, ka zauna, ka ɗora kyamarar a cinya. A ciki za ka tarar da kwarkwaro fanko wanda mai ita na baya ya bari. Kada ka yar, shi ne zai karɓi fim ɗin. Idan babu, sai ka nemo kafin ka iya komai. Mayar da shi ɓangaren da mamurɗi yake, ka juya har haƙorin mamurɗin ya shiga tsagar kansa. Sabon nadin ya shiga ɗaya ɓangaren. Yanke takardar da ta ɗaure shi ka cire ta duka, domin guntunta na iya yawo a ciki ya fito a hoto. Ka danne nadin da babban yatsa kada ya warware.

Jawo bakin takardar ya ƙetare tagar, baƙin gefen yana kallon ido, gefen rubutu yana kallonka. Cusa harshenta a tsagar kwarkwaron fanko, ka murɗa sau biyu ko uku, ka duba tana hawa a miƙe ba ta hawan gefe ɗaya. Rufe murfin baya, ka tabbatar ya kulle.

Yanzu buɗe jar tagar da ke bayan kyamarar ka ci gaba da murɗawa sannu a hankali. Za ka daɗe kana ganin takarda kawai, sai kibiyoyi, sai ɗigo-ɗigo ko sunan kamfani, sannan lamba 1. Tsaya nan, ka rufe tagar. A wasu fina-finan lambar 1 tana kama da ɗan layi kawai, mutum ya wuce ta bai sani ba, kuma ba a komawa baya. Kullum ka juya wa rana baya idan za ka leƙa wannan taga. An yi ta ne a zamanin da yawancin fim ba ya ganin jan haske, na yanzu kuwa yana gani. Idan tagar ba ta da marufi, manna mata baƙin salatif ka riƙa ɗagawa. Tsofaffin 6x4.5 masu taga biyu, kowace lamba sau biyu ake amfani da ita: ta tsaya a taga ta farko ka ɗauka, ka murɗa ta koma ta biyu ka sake ɗauka.

Haske

Lambobin nan 4.5, 5.6, 8, 11, 16, 22 na kafar haske ne. Lamba na girma, kafar na tsukewa, kuma daga 5.6 zuwa sama kowane mataki yana rage hasken da rabi. Ga ƙa'idar da masu hoto suka daɗe da ita: a rana tangaran, wadda inuwa ke fita da baki sosai, sa f/16, gudun ƙyaure kuma ya zama kusa da lambar fim ɗinka. Fim mai 100, sai 1/100. Idan hazon hunturu ya rage kaifin rana, ko akwai gajimare shara-shara, f/11. Hadari ya rufe sama babu inuwa, f/8. Ƙarƙashin bishiya ko rumfa mai buɗaɗɗen gefe, f/5.6. Kana iya musanya: f/16 a 1/100 daidai yake da f/11 a 1/200, daidai da f/22 a 1/50.

Akwai manhajojin waya masu auna haske, suna taimako ƙwarai a inuwa da cikin ɗaki. Sai dai ka sani farar shadda da farin bango suna ruɗin su, su ce haske ya yi yawa, fuskar mutum ta fito baƙi ƙirin babu ido babu hanci. Idan hoton mutum za ka ɗauka, ka kai shi inuwa mai haske, ka auna kusa da fuskarsa, ko ka ƙara buɗe mataki ɗaya a kan abin da ƙa'ida ta ce. Irin wannan fim yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa, don haka duk lokacin da kake kokwanto, ƙara.

Da hannu, kada ka sauka ƙasa da 1/50, a kan 6x9 ma 1/100. Ƙasa da haka sai a kan maɗori mai ƙafa uku, ko ka ajiye ta a kan katanga.

Nisa

Wannan ne ke tsorata mutane, domin tagar leƙen ba ta nuna maka ko abu ya yi kaifi ko bai yi ba. Iyakar hoton kawai take nunawa. Kai ne za ka ƙiyasta nisan, ka juya zoben zuwa lambar. Da farko ka duba ko da mita aka rubuta ko da ƙafa, domin waɗanda aka yi don kasuwar Ingila da Amurka da ƙafa suke, mita ɗaya kuma ta ɗan zarce ƙafa uku.

Masu ƙera su sun san da wannan wahala, shi ya sa suka bar maka alama. A kan Nettar da Ikonta da yawa akwai jan ɗigo tsakanin f/8 da f/11, da wani jan ɗigo a zoben nisa wajen mita 10. Haɗa su biyun, kusan duk abin da ke daga mita 5 har iyakar gani zai fito da kyau. Da wannan kaɗai za ka ɗauki kasuwa, titi, gona da gine-gine ba tare da ka sake taɓa zoben ba. Don mutum biyu ko uku a tsaye, sa mita 3 da f/8, idon milimita 75 zai kama daga wajen mita biyu da rabi zuwa kusan huɗu.

Matsalar tana kusa. A mita ɗaya da rabi, idan ka buɗe f/4.5, abin da zai yi kaifi bai kai taƙi guda ba, kuskure kaɗan sai kunne ya fito ido ya dushe. Ni abin da nake yi shi ne in sa tef ɗin tela a aljihu. Tsawonsa santimita 150 ne cif. Wanda zan ɗauka ya riƙe bakin tef ɗin a gefen idonsa, ni in ja ɗaya bakin zuwa kyamara, in sa zobe a 1.5, in tsuke zuwa f/8, ya saki tef in ɗauka. Mutane suna sakin jiki a wannan ɗan lokacin, kuma hakan na fitowa a fuskarsu. Ka kuma auna takunka sau ɗaya ka riƙe, na yawancin manya yana wajen santimita 70.

Wasu kyamarorin, kamar Isolette III, suna da ma'aunin nisa a sama. Kana leƙawa ka juya har hoto biyu su haɗe su zama ɗaya, ka karanta lambar, ka mayar da ita kan zoben gaba da hannunka. A kan Super Ikonta da Moskva-5 haɗe suke, juyi ɗaya ya wadatar. A kusa kuma, ka tuna tagar leƙe tana sama da ido, don haka ka bar sarari a saman hula, in ba haka ba za a yanke ta.

Jerin hannu

Hoto 12 gare ka, kuma yawancin waɗannan kyamarori ba za su hana ka ɗaukar biyu a wuri ɗaya ba, ko ka murɗa ka wuce fili babu komai. Wasu suna da makulli da ɗan jan ɗigo kusa da maɓalli mai nuna an murɗa, wasu babu. Maganin shi ne ka tsayar da jeri ɗaya wanda hannunka zai haddace.

Nawa ga shi. In buɗe kyamara a hankali. In murɗa zuwa lamba ta gaba, in rufe jar taga. In sa nisa, in sa kafar haske, in sa gudu. In ɗana. In leƙa, in manne gwiwar hannu a haƙarƙari, in saki rabin numfashi, in danna a hankali. In rubuta a ɗan littafi lambar hoton da abin da na sa. Akwai masu murɗawa nan take bayan kowane hoto, su ma suna da hujja. Ni na fi son murɗawa bayan buɗewa saboda dalili biyu. Zugazugi idan ya buɗe yana zuƙar iska, yana iya jawo fim ɗin ya ɗan kumbura daga mazauninsa, murɗawa kuma tana sake miƙe shi. Na biyu, ƙurar da zugazugin ya tayar tana sauka ne a kan hoton da aka riga aka ɗauka, inda ba ta da illa, maimakon sabon fili. Wanda ka zaɓa duk daidai ne, muddin ba ka gauraya su ba.

Bayan hoto na ƙarshe, ci gaba da murɗawa har ka ga wutsiyar takarda ta wuce taga, ka ƙara juyi huɗu ko biyar. Buɗe a inuwa, ka danne nadin da yatsa tun kafin ka zaro shi. Lanƙwasa bakin takardar ciki, ka naɗe siririyar takardar ɗaurin ka manne, ta wasu kamfanoni sai an ɗan jiƙa ta. Ƙara robar ɗaure kuɗi, ka sa shi a aljihu mai duhu. Kwarkwaron da ya zama fanko ka mayar da shi ɓangaren mamurɗi tun yanzu.

Wanki

Mai launi yana buƙatar zafin digiri 38 daidai, gara ka aika wa masu wanki, ka tambaye su tun farko ko suna karɓar 120, domin ba kowa ba ne. Baƙi da fari kuwa a gida ake yi. Kana buƙatar baƙar jakar sa hannu, tankin wanki irin na Paterson da faifansa, ma'aunin zafi, kofin awo, maganin fito da hoto kamar ID-11 ko D-76 ko Rodinal, da maganin tsayar da hoton don kada haske ya ɓata shi. Nadi ɗaya na 120 yana cin ruwa mililita 500.

Abin da ya fi wuya shi ne hawar da fim kan faifai cikin jaka ba ka gani. Fim ɗin 120 yana da faɗi da laushi, zufar hannu kuma tana sa ya manne. Ka sadaukar da nadi ɗaya ka yi ta gwaji a fili, sannan ido a rufe. Ka yi aikin da asuba ko da dare lokacin da gari ya yi sanyi, faifan kuma ya bushe ƙayau. A ƙarshen nadin za ka ji inda aka manne fim da takarda da salatif, ka ɓare a hankali.

Lokutan da kamfanoni ke bayarwa na digiri 20 ne. Misali, FP4 Plus a cikin ID-11 da ba a sirka ba minti takwas da rabi ne, kana kifa tankin sau huɗu a farkon kowane minti. Ruwan famfonmu a bazara ya wuce haka nesa, don haka sai ka tsoma kwalaben maganin a roba mai ruwa da ƙanƙara har ma'auni ya nuna 20. Ruwan randa ma yana rage maka aiki. Zubar da maganin fito da hoto, ɗauraye da ruwa, zuba maganin tsayarwa na minti biyar, sannan wanki: cika tanki ka kifa sau 5 ka zubar, sau 10 ka zubar, sau 20 ka zubar. Duk ruwan su kasance kusa da juna a sanyi. Rataye fim ɗin a banɗaki bayan ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ka rufe ƙofa awa uku. Idan ya bushe, ka yanka uku-uku. Za ka iya mayar da shi cikin kwamfuta da sikana mai hasken fim irin Epson V600, ko ka ɗora shi a kan farin haske ka ɗauka da waya ka juya launin.

Abin da nadin farko zai gaya maka

Ka ɗauki nadin farko a matsayin gwaji, kada ka kai shi ɗaurin aure ko suna. Ɗauki abu mai nisa, abu a mita 3, abu a mita ɗaya da rabi, ka gwada kowane gudu, ka bar kyamarar a buɗe cikin rana na minti ɗaya kafin ɗaya daga cikin hotunan. Sannan ka ɗaga fim ɗin ga haske, littafinka a gefe, ka tuna a kan fim inda haske ya buga baƙi yake fitowa.

Baƙin tabo a wuri ɗaya cikin hotuna da yawa, zugazugi ne ke yoyo. Baƙi-baƙi a bakin fim sama da ƙasa, nadin ne bai ɗaure tamau ba, sai ka ɗan lanƙwaso sifirin ɗin da ke danne kwarkwaro, ka kuma kula wajen cirewa. Tabo a daidai inda jar taga take, ka bar ta a buɗe cikin rana. Dogon layi daga farkon fim zuwa ƙarshe, akwai tsatsa ko datti a kan 'yan sandunan da fim ke bi ta kansu, ka goge su har su riƙa juyawa. Idan hotunan sun yi fari-fari amma rubutun kamfani a gefen fim ya fito baƙi sosai, haske ne bai isa ba. Idan rubutun ma ya kode, daga wanki ne. Idan hoton 1/100 ya fi na 1/50 duhu ko haske alhali ka daidaita kafar yadda ya kamata su zo ɗaya, ka gano gudun da ke ƙarya, sai ka rubuta a takarda ka manna a bayan kyamarar.

Idan duk hotunan nesa sun dushe amma na kusa sun yi kaifi a wurin da ba ka nufa ba, zoben nisa ne ya goce. A yawancinsu ƙananan sukurori uku ne ke riƙe shi a gefe. Ka sassauta su kawai, kada ka cire, domin idan ɗaya ya faɗi ba za ka sake ganinsa ba. Mayar da takardar nan mai shara-shara, juya gilashin gaba har hasumiya ta fito tsaf, sa zoben a kan alamar takwas a kwance, ka ɗaure.

Wajen ajiya, kada ka bar ƙyaure a ɗane. Da damina ka fitar da ita daga gidanta na fata, domin fata na riƙe laima, laima kuma ita ke kawo fumfuna. Sa ta a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Da hunturu ka riƙa rufe ta tsakanin hoto da hoto. Sau ɗaya a wata, ko babu fim a ciki, ka buɗe ta ta sha iska, ka ɗana ka danna kowane gudu sau biyu ko uku.